Faifan da ya ƙi yin habaici

A watan Maris na 1980 wasu samari 'yan birnin Biristol na Ingila, masu kiran ƙungiyarsu The Pop Group, suka fitar da faifansu na biyu. Sunan faifan kansa tambaya ce mai tsawo: For How Much Longer Do We Tolerate Mass Murder? Wato har zuwa yaushe za mu ci gaba da zura ido ana yi wa jama'a kisan kiyashi. Mawaƙinsu, Mark Stewart, shekararsa 19 a lokacin. Faifan ya fito ta hannun ƙaramin kamfanin nan na Landan, Rough Trade, tare da nasu tambarin Y Records, ya ɗan yi tashe a wurin masu bin irin wannan kiɗa, daga nan ya yi ɓatan dabo a shaguna. Shekara da shekaru, wanda yake son sa sai dai ya bi masu sayar da tsofaffin fayafai ya biya da tsada, ko ya roƙi wani ya kwafa masa a kaset. Sai a 2016 aka sake buga shi yadda kowa zai iya samu.

Da yawa daga masu sharhin kiɗa na wancan zamani ba su yi masa da daɗi ba. Hukuncin da suka yanke shi ne wannan ba waƙa ba ce, takardar zanga-zanga ce aka ɗora wa ganga, yara ne suka karanta jarida suka hau kan mutane da wa'azi da ihu. Har yau in ana maganar ƙungiyar, faifansu na farko ake yabo, wannan kuwa a ambace shi a gurguje a wuce. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, kuma abin da suka ɗauka aibinsa ne, a wurina shi ne dalilin da ya sa ya kamata a saurare shi.

Ga wanda bai saba da wannan fanni ba, ga yadda abin yake a taƙaice. A 1976 da 1977 aka yi guguwar kiɗan punk a Birtaniya, samari marasa aikin yi suka ɗauki gita ba tare da sun ƙware ba, suna zagin sarauniya da gwamnati da manyan mawaƙa. Wutar kara ce, kafin ƙarshen Janairun 1978 Sex Pistols, ƙungiyar da ta fi suna a wannan guguwa, sun watse. Waɗanda suka biyo baya suka riƙe ƙarfin halin, amma suka ce kiɗan ya yi ƙunci, suka shiga neman sabon sauti ko'ina. Su ake kira 'yan post-punk: Gang of Four a Leeds, Joy Division a Manchester, The Slits da Public Image Ltd a Landan. Su 'yan Biristol ɗin nan nasu ya bambanta, domin tun suna 'yan makaranta kiɗan baƙaƙen fata suke bi. Fonk na Amurka suke rawa da shi, kuma suna shiga unguwar St Pauls, inda 'yan asalin Jamaika ke kafa manyan lasifika suna sakin rege da dub, wato rege da aka rage wa murya aka ƙara wa amsa kuwwa, har asuba. Faifansu na farko, Y, na 1979, Dennis Bovell ne ya haɗa musu sautinsa, haifaffen Barbados, gwanin dub na Landan.

Kada kowa ya shiga wannan faifai yana tsammanin abin lallashin kunne. Waƙar farko, Forces of Oppression, da muryoyi take buɗewa, mutane da yawa suna sara gaɓa ɗaya da sauri da sauri, kafin gangar Bruce Smith ta faɗo. Bes ɗin Dan Catsis, wato gita mai kaurin amo, yana tafiya da nauyi, irin wanda zai sa ƙafa ta motsa ko ba ka shirya ba. Amma gitar Gareth Sager ba ta bin wannan daɗi, karta take yi, kamar yaro yana kankare ƙanzo a gindin tukunya da cokali. A saman duk wannan Stewart yana ihu, muryarsa tana tsagewa, wani lokaci ta koma kamar kuka. Ƙasan kiɗan yana kiran ka rawa, samansa yana hana ka sakewa. Da gangan suka yi haka, kuma ina ganin sun yi daidai, domin maganar da ke bakinsu ba ta zama a cikin sauti mai laushi.

Abin da ya fi riƙe ni shi ne wannan. Mu a waƙarmu mun san inda ake kama suna da inda ake sakaya shi. In yabo ne, makaɗi zai faɗi sunan mutum da na ubansa da na kakansa da garinsu, ba ya rage komai. In zargi ne sai a koma habaici da zambo, a ce wani mai kaza, wani na unguwar kaza, mai shi ya san kansa. Akwai fasaha a cikin haka, kuma akwai kare kai, domin mawaƙi ma yana da iyali. Turawa ma haka mafi yawan waƙoƙinsu na adawa suke: a zagi yaƙi, a zagi zalunci, a zagi “su”, ba tare da an ce wane ba. Kowa zai iya rera irin wannan waƙa, har azzalumin da kansa, ya tafa ya koma gida. Waɗannan yara suka ce a'a. Suka kama suna, suka faɗi wuri, suka faɗi laifi.

Ku ɗauki waƙar Justice. A cikinta Stewart yana tambayar wa ya kashe Blair Peach. Ga wanda yake zaune a Ingila a 1980 wannan ba tambayar adabi ba ce. Peach malamin makaranta ne ɗan asalin New Zealand, yana koyar da yara masu buƙata ta musamman a gabashin Landan, shekararsa 33. Ranar 23 ga Afrilu 1979 jam'iyyar masu wariyar launin fata, National Front, ta shirya taron yaƙin neman zaɓe a zauren gari na Southall, unguwar da akasarin mazaunanta 'yan asalin Indiya da Pakistan ne. Tsokana ce tsagwaronta. Mutanen unguwa suka fito, magoya bayansu suka zo daga wasu wurare, Peach yana cikinsu. 'Yan sanda dubbai aka jibge don a kare taron. Da yamma, a wani ɗan layi a gefen babban titi, aka sauke masa duka a ka. Mutanen wani gida a unguwar suka shigar da shi, aka kai shi asibiti, bai kai safiya ba. Shaidu da dama suka ce da idonsu suka ga ɗan sanda ne ya buge shi, daga runduna ta musamman da ake kira Special Patrol Group. A wannan rana aka kama sama da mutum 300, aka fasa kan Clarence Baker, manajan ƙungiyar rege ta Misty in Roots, har ya yi doguwar suma. Shari'ar waɗanda aka kama kuma aka kai ta can Barnet, nesa da unguwarsu da danginsu.

To ku duba jerin kwanakin. Faifan ya fito a Maris 1980. A watan Mayun wannan shekara, zaman binciken musabbabin mutuwar ya yanke cewa tsautsayi ne. Alhali tun kafin nan akwai rahoton cikin gida da wani babban jami'in 'yan sanda, Kwamanda John Cass, ya rubuta, aka kulle shi a durowa. Abokiyar zaman marigayin, Celia Stubbs, ta shafe shekara 30 tana neman a fito da shi. Sai a Afrilun 2010 rundunar 'yan sandan Landan ta sake shi, aka ga ashe tun farko binciken nasu ya nuna kusan tabbas ɗaya daga jami'an wannan runduna ne ya yi kisan, kuma abokan aikinsa sun yi ƙarya don su rufa masa asiri. Har yau ba a gurfanar da kowa ba. Yaro ɗan shekara 19 ya tsaya gaban makirfo ya yi tambayar da hukuma ta riga ta san amsarta ta ɓoye. Masu sharhi suka ce ya cika ihu. Ni abin da nake tambaya shi ne, da wace murya ake so ya yi ta?

Ba su kaɗai suka yi wa Peach waƙa ba, Linton Kwesi Johnson, mawaƙin baka haifaffen Jamaika, ma ya yi a wannan shekara, kuma tasa ta fi nutsuwa da tsari. Amma ita Justice ba makoki ba ce, tuhuma ce, tana tambayar wa ke sa ido a kan masu gadi, wa ke kama ɗan sanda in ya yi laifi.

Bai cika mako biyu da fitowar faifan ba, ranar 2 ga Afrilu 1980, 'yan sanda suka kai samame wani gidan shan shayi mai suna Black and White Café a St Pauls, unguwar da waɗannan samari suka koyi sauraron dub. Unguwa ta tashi. Aka ƙona motocin 'yan sanda da wani banki, har jami'an suka janye na tsawon sa'o'i. Babu wanda zai ce waƙa ce ta jawo wannan, mutanen St Pauls ba su jira fararen yara sun faɗa musu halin da suke ciki ba. Dokar da ake kira sus, wadda ta samo asali tun 1824, ta ba ɗan sanda damar kama mutum don kawai yana zarginsa da niyyar aikata laifi, kuma kowa ya san a kan wa take sauka. Sai bayan tarzomar unguwar Brixton ta Landan a 1981 aka soke ta. Abin da nake nufi kawai shi ne, waɗanda aka ce suna zuzuta abu, ashe ƙasa-ƙasa ma suka faɗe shi.

Daga gida suka tsallaka waje. A waƙar How Much Longer, Stewart ya ce ƙarara a gurfanar da Nixon, tsohon shugaban Amurka, da Kissinger, mai ba shi shawara kan tsaro, kan laifin yaƙi saboda ruwan bama-baman da aka yi wa Kambodiya a asirce. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce. Daga Maris 1969 jiragen Amurka suka fara jefa bama-bamai a ƙasar da ba a shelanta yaƙi da ita ba, aka riƙa sauya takardun aikin don kada majalisa ta sani, kuma luguden bai tsaya gaba ɗaya ba sai Agustan 1973. A wannan shekarar aka ba Kissinger kyautar Nobel ta zaman lafiya. A 1975 'yan kwaminis na Khmer Rouge, ƙarƙashin Pol Pot, suka karɓi ƙasar da aka riga aka ragargaza, suka yi wa jama'arta kisan kiyashi. Lokacin da ake ɗaukar faifan nan, hotunan yunwar Kambodiya ne suka cika talabijin ɗin Birtaniya, kuma wakilan Pol Pot na nan zaune a kujerar ƙasar a Majalisar Ɗinkin Duniya, da goyon bayan Amurka da Birtaniya da Sin. Nixon ya mutu a 1994 ba a tuhume shi da wannan ba. Mark Stewart ya mutu a Afrilun 2023 yana da shekara 62. Kissinger ya bi shi a Nuwamban wannan shekara yana da 100, manyan duniya suna ta aiko da saƙon ta'aziyya.

Inda faifan ya fi kusa da mu shi ne Feed the Hungry. Hujjar waƙar ita ce yunwa ba daga sama kawai take faɗowa ba, akwai haɗamar mutane da aka tsara a bayanta, kuma masu bankunan Yamma suna da hannu a wanda zai rayu da wanda zai mutu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1981, masanin tattalin arziki Amartya Sen ya fito da bincikensa da ya nuna manyan yunwoyi, irin ta Bengal a 1943, sun faru ne ba don abinci ya ƙare a ƙasa ba, sai don talaka ya rasa ikon sayensa. Shi an ba shi Nobel a 1998, kuma ya cancanta. Su kuwa an ce su je su koyi waƙa.

Ku kwatanta da abin da ya biyo baya. A ƙarshen 1984 manyan taurarin Birtaniya suka taru suka yi waƙar agaji saboda yunwar Habasha, a Yulin 1985 aka yi gagarumin wasan Live Aid. An tara kuɗi masu yawa, an ceci rayuka, ba zan raina wannan ba. Amma waƙar ba ta ambaci yaƙin da ake yi a arewacin Habasha ba, ba ta ambaci gwamnatin soja ta Mengistu da ke mulkin ƙasar ba, ba ta ambaci bashi ba. Ta zana Afirka wurin da komai ba ya tsira, kogi ba ya gudu, alhali ana maganar ƙasar da kogin Shuɗin Nilu ya taso daga cikinta. Ta nemi tausayi da sadaka, kowa ya bayar ya ji sanyi a ransa. Ita ake sakawa a rediyo duk ƙarshen shekara har gobe. Wadda ta ce a tsaya a duba wa ya ci riba, ita ce ta shekara 36 ana nemanta a kwandon gwanjo.

Duk da haka ba zan ce komai na faifan daidai ne ba. Idonsu a kan Yamma kaɗai yake, kamar mu nan ba mu da namu masu laifin. Wanda ya san tarihin farin da aka yi a Sahel a farkon shekarun 1970 ya san ba haka ba ne. A Nijar, cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a Afrilun 1974, har da yadda aka karkatar da hatsin agaji mutane na mutuwa. Mai ɓoye hatsi a sito yana jiran farashi ya hau ba lallai sai yana zaune a Landan ba. Kuma manyan takardun da aka saka a cikin kwalin faifan, waɗanda aka cika da yanke-yanken jaridu da hotunan bala'i, sun faɗa cikin abin da Turawa suka saba: mutanenmu su zama hoto, su kuma su zama masu magana. Sannan akwai waƙar ƙarshe, Rob a Bank, wadda ta ari tatsuniyar Robin Hood, ɓarawon da ke sace na masu kuɗi ya ba talakawa, tana kiran a fasa banki. Wannan ƙuruciya ce zalla, kuma wanda ya taɓa ganin abin da fashi da makami yake bari a baya ba zai yi dariyarta ba. Waƙar Communicate kuwa hayaniya ce da sai mai haƙuri.

Amma a tsakanin waɗannan akwai There Are No Spectators, wadda a wurina ita ce zuciyar faifan. A nan kiɗan ya lafa, ya koma dub mai jan jiki, muryar tana amsa kuwwa daga nesa, ihun ya ragu. Maganarta ɗaya ce: babu ɗan kallo, kana ciki ko ka so ko ka ƙi, kuma za a tambaye ka. Wannan ce ta raba su da masu nuna yatsa kawai, domin sun haɗa da kansu da mai sauraro a cikin tuhumar. Haka suka yi tun a ƙaramin faifan da suka fitar a ƙarshen 1979, We Are All Prostitutes, mai hoton Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya ta lokacin, a bango, inda suke cewa kowa yana da farashin da za a saye shi, har su masu waƙar. A bayan wannan faifai ba su ma rubuta baiti ba. Stewart ya ɗauko rahoton Amnesty International kan azabtar da fursunoni 'yan Ailan ya karanta shi a kan kiɗa. Wanda yake neman a saka shi a rediyo ba ya yin haka.

Hoton bangon babban faifan ma abin tsayawa ne a duba. Da irin wannan suna, mutum zai yi zaton gawa ko tankar yaƙi zai gani. Ba su sa ko ɗaya ba. Tsohon hoto ne marar launi na mai ɗaukar hoto ɗan Hangari, André Kertész: yara ƙanana biyu 'yan ƙabilar Roma a fili, ba riga, sun rungumi juna suna sumba. Roma na cikin waɗanda 'yan Nazi suka hallaka da dubban ɗaruruwa. Sai ka karanta tambayar da ke rubuce, ka sake kallon yaran.

Ƙungiyar ba ta daɗe ba bayan wannan. A Oktoban 1980 suka yi wasa a dandalin Trafalgar, a babban gangamin masu adawa da makaman nukiliya, daga nan kowa ya kama gabansa. Sager da Smith suka kafa Rip Rig + Panic tare da Neneh Cherry. Stewart ya koma aiki da Adrian Sherwood, mai haɗa sautin dub, ya ci gaba da irin maganarsa har ƙarshen rayuwarsa. Sautin da Biristol ta yi suna da shi daga baya, na su Massive Attack da Tricky, yana da saiwa a wannan haɗin na dub da fonk da rashin kwanciyar hankali, kuma su kansu ba sa musun haka. A 2010 The Pop Group suka sake haɗuwa, shi ya buɗe hanyar sake buga tsofaffin ayyukansu a ƙarƙashin tambarin Freaks R Us.

Sai dai wanda ya samu bugun 2016, ko yake saurare ta intanet, ya sani ba ainihin abin da aka fitar a 1980 yake ji ba. An cire waƙa ta uku, One Out of Many, aka maye gurbinta da We Are All Prostitutes. Ita wadda aka cire ɗin, muryar The Last Poets ce a cikinta, mawaƙan baka na Harlem da suka fara a 1968 ranar zagayowar haihuwar Malcolm X, waɗanda ake lissafawa cikin kakannin rap. Suna bin takardar dala ne suna warware abin da ke zane a jikinta, suna haɗa shi da bauta da kisan 'yan asalin Amurka. A duk faifan, nan ne kaɗai samarin Biristol suka ja da baya suka bar baƙar fata ya yi magana da bakinsa, a kan kuɗin da sauran waƙoƙin ke ta kewayawa. Biristol kuwa gari ne da ya yi ƙiba da cinikin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, garin da sai a Yunin 2020 jama'a suka tumɓuke mutum-mutumin Edward Colston, attajirin cinikin bayi, suka jefa shi ruwa. Waƙar da aka sa a madadinta mai ƙarfi ce, amma tana da nata faifan, ba ta rasa gida ba. Duk wanda ke riƙe da haƙƙin waɗannan ayyuka yanzu, ina roƙonsa ya yi abin da ya kamata a yi da magadan The Last Poets, ya mayar da wannan waƙa gurbinta na uku.